African Giant ko Made in Lagos: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce kai mai jin waƙoƙin gida ne, na da da na yanzu, kuma ba ka taɓa zama ka saurari kundin wani mawaƙin kudu daga farko har ƙarshe ba, sai abin da kunnenka ya tsinta a wajen biki ko a shagon masu cajin waya. Yanzu kana so ka gwada, an ambata maka guda biyu, African Giant na Burna Boy da Made in Lagos na Wizkid, kana tambayar da wanne za ka fara. Ka ƙara da cewa Yarbanci ba ka ji ko kaɗan, buroka sama-sama, kuma yawanci a mota za ka riƙa ji, wani lokacin da iyali a ciki.

Ka fara da African Giant. Ba don ya fi ɗayan kyan aiki ba, a wurina ma Made in Lagos ya fi shi tsari da tsafta, kuma shi na fi kunnawa. Dalilina shi ne kunnen da ya saba da waƙar Hausa magana yake fara nema kafin kiɗa. Mu mun taso ne ana tambayar me mawaƙi ya ce, da wa yake, wa ya yi wa zambo, wa ya koɗa. Burna Boy yana da abin faɗa a wannan kundin, kuma yana faɗa da ƙarfi. Wizkid kuwa bai damu ya gaya maka komai ba, so yake ka saki jiki kawai. In ka fara da nasa, akwai yiwuwar kafin waƙa ta biyar ka ce ai duk abu ɗaya ne, ka kashe, ka yanke wa waƙoƙin kudu hukunci gaba ɗaya.

Sa'annin juna ne. Wizkid, wato Ayodeji Ibrahim Balogun, an haife shi a 1990 a unguwar Surulere ta Legas. Burna Boy, Damini Ogulu, an haife shi a Fatakwal a 1991, kuma kakansa na wajen uwa, Benson Idonije, ya taɓa zama manajan Fela Kuti, shahararren mawaƙin nan mai sukar gwamnati. Wannan gadon ba a takarda kawai yake ba, za ka ji shi a busar ƙahonni da yadda ganguna ke tafiya a waƙa irin su Anybody.

African Giant ya fito a watan Yuli na 2019, waƙoƙi 19, kusan awa ɗaya cur. Sunan kansa daga fushi ya samo asali. A farkon shekarar ne masu shirya bikin kaɗe-kaɗe na Coachella a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fitar da jerin waɗanda za su yi wasa, sai ga sunan Burna Boy da ƙananan baƙaƙe can ƙasa. Ya fito a Instagram ya ce shi fa gagarabadan Afirka ne, ba za a ƙanƙantar da shi ba. A lokacin mutane da yawa sun yi masa dariya, suka ce girman kai ne, wa ya san shi a Amurka. Bai janye ba, sai ma ya ɗauki kalmar da ake masa ba'a da ita ya laƙaba wa kundin. To ka ga tun daga suna kirari ne. Wanda ya san yadda Shata yake wasa kansa a Bakandamiya ba zai ji baƙunta ba in ya ji mawaƙi ya buɗe faifai da cewa ga ni nan, ba wanda ya isa ya taɓa ni. Bambancin kawai shi ne a nan babu 'yan amshi a gefe, shi ne yake ɗora muryarsa kan muryarsa a sitidiyo yana yi wa kansa amshi.

Bayan kirarin sai ya juya kan talaka. Waƙar Dangote ce za ta fi saurin kama ka, ko don sunan mutumin Kano da ke kanta. Ba waƙar yabo ba ce irin wadda ake yi wa attajiri a wajenmu don a samu kyauta. Abin da yake cewa shi ne, in har mai kuɗin Afirka gaba ɗaya bai daina fita neman kuɗi ba, ni wane ne da zan kwanta barci. Ana iya jin ta a matsayin zaburarwa, ana kuma iya jin ta a matsayin kukan ƙasar da ba wanda ya isa ya huta a cikinta, kuma ina ganin duka biyun yake nufi. Wetin Man Go Do ma kan wannan layin take: mutum ya tashi da asuba, ya yi ta fama, don ba shi da zaɓi. Burokar da ke cikin waɗannan biyun mai sauƙi ce, irin wadda ko a Sabon Gari ko a tasha ka saba ji.

Collateral Damage ta fi su zafi. A nan yana lissafo manya ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cin rabonsa daga dukiyar ƙasa, sannan ya waiwayo kan talakawan su kansu, ya ce tsoro ya yi mana yawa. Wannan zargin ba nasa ba ne, daga Fela ya aro shi, daga waƙar da ya yi bayan sojoji sun ƙone gidansa a 1977. Abin da ke burge ni da ita shi ne kiɗan mai daɗi ne, na rausaya, har sai ka yi nisa da kaɗa kai kafin ka farga cewa kai ma kana cikin waɗanda ake yi wa faɗa.

Amma wadda nake so ka tsaya a kanta sosai ita ce Another Story. Ba da kiɗa take farawa ba. Muryar wani mai ba da labari ce take fara shigowa da Turanci, a nutse, kamar darasin tarihi a rediyo, tana bayanin cewa Najeriya a matsayin cinikin kamfani ta faro. Kamfanin Royal Niger ake nufi, na George Goldie, wanda gwamnatin Ingila ta ba shi izinin mulki da kasuwanci a yankin kogin Kwara a 1886, sannan ta karɓe izinin a ƙarshen 1899 ta biya shi fam 865,000. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja, shekara uku bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗi. Ka ga wannan labarin namu ne kai tsaye, wataƙila ma ya fi shafarmu fiye da mutanen Legas, waɗanda tun 1861 suke ƙarƙashin Turawa. Sai da mai labarin ya gama sannan ganga ta shigo a hankali, Burna ya fara ƙorafin cewa tun samun 'yanci a 1960 labari ɗaya ake ta ba mu ana sauya masa riga. Daga nan M.anifest na Gana ya karɓa, ya ce su ma can haka abin yake. A ce saurayi ɗan shekara 28, wanda kasuwarsa ta dogara da gidajen rawa, ya ware farkon waƙa ya ba tarihin mulkin mallaka, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Na san matasan da a bakin wannan waƙar suka fara jin sunan kamfanin, ba a aji ba.

Kada dai ka shiga da zaton duk kundin haka yake. Waƙoƙin da suka taɓa siyasa da halin rayuwa ba su kai rabi ba, sauran soyayya ce da rawa da nuna isa. On the Low da Gbona tun 2018 suka fito, an riga an gama rawarsu a ko'ina kafin a sa su a kundin. Killin Dem da ya yi da Zlatan ta zamanin rawar zanku ce, tana da daɗi, amma in ka ji ta yau za ka san shekarar da aka yi ta. Inda kundin ya fi rauni a kunnena shi ne wajen baƙin Amurka. Waƙar da ya yi da Future da wadda ya yi da YG, kana ji ka san lissafin kasuwa ne, an gayyato su ne don a buɗe ƙofar can. Da an cire uku ko huɗu daga cikin 19 ɗin nan, da kundin ya fi haka ƙarfi. Ga shi an rufe shi da abu mai kyau: muryar mahaifiyarsa, Bose Ogulu, wadda ita ce manajarsa, lokacin da ta karɓar masa kyautar BET a 2019 tana tuna wa baƙar fata na ko'ina cewa asalinsu 'yan Afirka ne. Amma kafin ka kai can ka ɗan gaji.

Made in Lagos wata duniya ce daban. Waƙoƙi 14, minti 50 da 'yan kai, ya fito a ƙarshen Oktoban 2020. An so a sake shi tun tsakiyar watan, sai zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda ta ɓarke, Wizkid ya ɗage. Tsakanin ɗagewar da fitowar ne aka yi harbin masu zanga-zanga a Lekki ranar 20 ga wata. To ka yi tunanin halin da mutanen Legas suke ciki, sai ga kundi mai ɗauke da sunan garinsu ya fito, aka buɗe, babu 'yan sanda a ciki, babu gwamnati, babu jini. Mata ne, da soyayya, da godiyar Allah, da hutawa. Wasu sun ji haushi. Wani abin lura kuma, shi wannan da bai sa siyasa a kundinsa ba ya fita kan titi a Landan ya shiga zanga-zangar da ƙafarsa. Burna shi kuma waƙa ya fitar a kan harbin, mai suna 20 10 20. Ba a auna zuciyar mawaƙi da abin da ke cikin faifansa kaɗai.

Makonnin farko ana ta cewa kundin sanyi gare shi, duk waƙoƙin tafiyarsu ɗaya, babu wadda za a tashi a yi tsalle. Gaskiya ne, kuma da gangan ne. Yawancin aikin kiɗan furodusa ɗaya ne ya riƙe shi, P2J, ɗan Najeriya mazaunin Landan, shi ya sa in waƙa ta ƙare wata ta shigo ba ka jin an sauya ɗaki. Reckless ce ta farko. Ka saurari yadda saksofon ke yawo a bayan murya, ba ya gaba ba ya baya, gangar kuma ba ta dukan ƙirji, taɓawa take yi ta wuce. Wizkid yana maganar masu yi masa fatan faɗuwa, amma ko ɗaga murya bai yi ba, kamar wanda yake ba da labarin abin da ya riga ya wuce. Burna da zai faɗi wannan maganar, sai ka ji jijiyar wuyansa. Bambancin mutanen biyu ke nan a taƙaice: ɗaya yana neman a yarda da girmansa, ɗayan yana ganin an gama wannan maganar tuntuni.

Essence ita ce ta 11, can wajen ƙarshe, kuma da farko ba ita aka ɗauka za ta yi tashe ba. Ba ma Wizkid ne yake buɗe ta ba. Tems ce take shigowa da wata kakkaurar murya mai ɗan dishi, tana jan kalmomi kamar ba ta son sakinsu, a ƙarƙashinta amon bes yana hawa yana sauka. Sai ta gama shimfiɗa waƙar sannan mai kundin ya shigo a hankali, ya yi nasa ya koma gefe. Mawaƙin da ya kai matsayinsa ya bar wa yarinyar da a lokacin ba a gama saninta ba wuri mafi kyau a waƙarsa, wannan sanin aiki ne. Waƙar ta yi ta hawa a hankali cikin 2021, aka sake ta da Justin Bieber a watan Agusta, ta kai ta 9 a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka. Ni dai ta asalin nake ji, wadda babu Bieber. Bai ɓata ta ba, amma bai ƙara mata komai ba sai fasfo.

Rauninsa a fili yake: in ka zauna ka rubuta baitocin a takarda, ba za ka samu abin kirki ba. Ki zo kusa, ina son ki, ki juya, Allah Ya yi mini albarka. Kusan shi ke nan. Wizkid ba marubucin baiti ba ne, muryarsa yake amfani da ita kamar wani abin kiɗa a cikin sauran kayan kiɗan, wani lokacin ma kalmar ba ta fita sosai, sautinta kawai yake so. Wannan ne ya sa rashin jin Yarbancinka ba zai rage maka komai a nan ba. A wajen Burna kuwa za ka yi asarar wani abu, don yakan sako Yarbanci a tsakiyar buroka, wani lokacin ya juya harshe irin na mutanen Jamaika, amma jigon kowace waƙa zai iso maka.

Akwai wurare biyu da za ka iya jera su kafaɗa da kafaɗa ka auna da kunnenka. Na farko, Damian Marley, ɗan Bob Marley, ya fito a duka biyun. A kundin Burna yana cikin Different tare da Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin, kuma can wa'azi yake yi a kan halin duniya, da zafinsa. A kundin Wizkid yana cikin Blessed, mutum ɗaya, murya ɗaya, amma ya sauko, yana maganar godiya da zaman lafiya da kai. Kowane mai gida ya ja baƙon zuwa halinsa. Na biyu, Ginger, waƙa ta biyu a Made in Lagos, inda Burna da kansa ya zo baƙunta. Ka lura da yadda aka rage masa wuta, aka ba shi ɗan wuri, ya yi abinsa a taƙaice. Masoyansa sun yi ƙorafin an tauye shi. Ni ina ganin da an sake shi ya yi yadda ya saba, da ya fasa tsarin kundin.

Maganar kyaututtuka ba za ta raba maka gardama ba, sai dai akwai abin dariya a ciki. An sa African Giant takarar Grammy, a Janairun 2020 Angélique Kidjo ta kayar da shi, ita da take baƙuwa a cikinsa, ta kuma hau dandamali ta sadaukar da kyautar gare shi. An sa Made in Lagos takara, a Afrilun 2022 Kidjo ɗin dai ta sake lashewa, da kundin da Burna ya fito a ciki. Burna ya samu tasa a 2021 da kundin da ya biyo baya, Twice as Tall, wanda ni ban ɗauke shi a bakin African Giant ba. Wizkid kuma ya cika zauren O2 na Landan dare uku a ƙarshen 2021 da waƙoƙin da aka ce sun yi sanyi. Kada ka bari rigimar magoya bayansu a intanet ta shiga kunnenka, waɗannan ko hisabi aka zo sai sun tambayi wa ya fi wani.

Sai batun iyali a mota, wanda shi ne ya fi muhimmanci a tambayarka ko da yake a ƙarshe ka sako shi. Babu ɗaya daga cikin biyun da zan ce ka sake shi daga farko zuwa ƙarshe da yara ko surukai a kujerar baya. Made in Lagos ya fi yaudara ta wannan fuskar, don kiɗan a nutse yake kamar ba abin da ke faruwa, alhali rabin baitocin zancen jikin mace ne da shimfiɗa, kuma da Turancin da ɗan firamare zai gane. Daga cikinsa Blessed da Smile ne zan iya kunnawa ban riƙa kallon madubi ba. A African Giant, Dangote da Wetin Man Go Do da Another Story sun fi dama-dama, sai dai Burna bakinsa ba shi da linzami, ashar kan faɗo masa ba zato, don haka ka fara ji kai kaɗai, ko ka nemi wanda aka tace, yawancin manhajojin sauraro suna sa alama a kan waƙar da ke da batsa. Gum Body da Secret kuwa ka bar su sai kana kai kaɗai.

Abin da za ka ji da shi ma yana da tasiri. African Giant yana jure ƙaramar sifikar waya, don murya da ƙahonni ne a gaba. Made in Lagos a sifikar waya mutuwa yake yi, saboda rabin daɗinsa a amon ƙasa yake, wanda waya ba ta iya fitarwa. Ina zargin da yawa daga masu cewa ba shi da armashi a waya suka ji shi. In sifikun motarka na baya suna aiki, ka ɗan ƙara bes, kada ka ƙure ƙara, ka ba shi doguwar hanya irin ta Kano zuwa Kaduna bayan la'asar. A cunkoson cikin gari, ana ta hon ana zage-zage da masu adaidaita, ba zai shige ka ba, can Burna ne ya dace.

Ga yadda zan ba ka shawara ka bi. Ka ji African Giant a jere daga ta farko har Another Story, wadda ita ce ta 10, ka tsaya nan a zaman farko. Wata rana ka ɗora daga Destiny, ka ji Different da On the Low, ka tsallake na Amurkawan in sun gundure ka, ka sauka a Spiritual don jin muryar uwar. Bayan kwana biyu sai ka ɗauko Made in Lagos, na asali mai waƙa 14, ba wanda aka ƙara wa huɗu a 2021 ba. Shi wannan kada ka tsallake komai, kada kuma ka bar manhaja ta cakuɗa maka jerin, don an tsara shi ne a bi daga Reckless zuwa Grace. In ji na farko bai kama ka ba, ka ƙara masa ji biyu kafin ka yanke hukunci, sannan ka dawo ka gaya mana a wace waƙa ka fara rage gudun mota.